Sun hau dutsi bidar tushen ƙorama

Wanda ya hita Tawa ya nuhi gabas, hanyar Tamaske da Keita, ba ya daɗewa sai ya ga duwatsu sun tare mishi gaba. Su ne duwatsun Adar. Ba su da tsini. Kansu a shimhiɗe yake kamar an yanke da wuƙa, gehensu kuwa a tsaye. Ba su kai rabin dutsin Bagzan na ƙasar Agadas ba, wanda tsawonshi mita 2,022 ne. Amma wanda duk ya raina su, bai taɓa hawa ba ne.

Mutanen kwari suna kwana gindin duwatsun ga, suna tashi gindinsu. Duk da haka akwai magidanta masu hurhura da ba su taɓa taka kan dutsin garinsu ba. Can wurin makiyaya ne, da mata masu itace, da mahwarauta.

A wani ƙauye tsakanin Tamaske da Keita akwai wani magidanci mai garkar albasa. Damana 3 a jere ƙorama tana cin garkar. Ta hwarko ta kwashe danga. Ta biyu ta yanke kusan kashi ɗaya cikin uku na hilin. Ta uku ta cika rijiyar da rairayi. Ya jera buhunan ƙasa, ya kahwa itace, ruwan dare guda ya tahi da su. Sai ya yanke shawara. Za shi saida abin da ya rage, ya bi ƙannenshi Abijan. Laihin kuma ya ɗora ma makiyaya. Ya ce bisashensu ne sunka tattake aikin da anka yi bisa dutsi.

Uwarshi tana jin shi. Tsohuwa ce, ta ba shekara 60 baya. Ta ce mishi:

"Ka taɓa hawa ka gani?"

Ya ce: "A'a, Inna."

Ta ce: "To wutsiyar maciji kake ta bugu. Kan shina can bisa. Kahin ka saida gonar ubanka, sai mun hau."

Tsohuwar tana da dalilin magana. Ƴan'uwa manya sun tuna shekarar 1984. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya ƙone, bisashe sunka mutu. Ita ce yunwar da anka sa ma suna El Buhari. A watan Mayu na shekarar anka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada, zamanin Janar Saini Kunce. A shekarar ce kuma anka buɗe Poroje Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun FAO. Hukumar PAM ita ta riƙa ba ma'aikata abinci a madadin lada. Maza da yawa sun tahi bida, don haka mata ne sunka hi yawa wurin aikin. Su sunka gina ramu a jikin duwatsu, su sunka ɗauki dutsi a ka. Cikin shekara 20 ɗin hwarko an gyara ƙasa hiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa kamar miliyan 18. Tsohuwar ga tana cikin matan. Magidancin da ke son saida garka, a bayanta yake goye lokacin.

Ta sa sharaɗi guda. Ta ce wanda ake zargi shi za ya nuna hanya. Akwai wani Bahillace da ke sauka gonarsu kowace kaka, shanunshi su ci kara su bar taki. Anka aika mishi, ya yarda. Jikanta ɗan shekara 14 shi ma ya ce sai ya je.

Sun tashi bayan sallar asuba, cikin watan Maris. Ɗari ya wuce, zahi ya soma. Guzurinsu bido guda na ruwa mai lita 5, da gorar hura, da goro, da sanduna. Makiyayin ya dubi bidon, ya dubi mutum 4, bai ce komi ba.

Cikin ƙoramar sunka bi, sunka nuhi inda take hitowa. Tahiya cikin rairayi tana cin ƙarhi. Ka taka gaba, ƙahwa ta zame baya. Gaɓar ƙoramar ta hi tsawon mutum biyu, ga saiwoyin gawo a waje suna lilo. Tsohuwa ta ce sa'ad da anka kawo ta garin amarya, yaro shina tsallake wurin nan.

Rana ta ɗan ɗago sunka iske shingen hwarko. Irin wanda ake ce ma gabiyo ne, ragar waya cike da duwatsu, an gicciya ta cikin ƙorama. Aikinta ta tare ruwa, gudunshi ya ragu, ya aje ƙasar da ya ɗauko, wani ya nutse ya ciyar da rijiyoyi. Amma an yanke wayar. Duwatsun sun watse, ruwa ya zagaya ta gehe ya buɗe sabuwar hanya. Magidanci ya duƙa ya duba bakin wayar. Yankan almakashin ƙarhe ne. Makiyayin ya ce: "Malam, saniya ba ta da almakashi." Yaron ya yi dariya. Uban bai yi ba.

Daga nan hawa ya soma. Ƙasar gindin dutsin hwara ce, tana marmashewa. Yaron ya tsinci wani ɗan dutsi mai kamannin katantanwa, ya tsinci wani kamar ɓawon kawa. Wuraren nan cike suke da su. Masana sun ce teku ne ya taɓa ruhe ƙasar ga, shekara wajen miliyan 60 da sunka wuce, waɗanga kuwa halittun ruwan ne sunka koma dutsi. Irin wanga hwarin dutsi ne ake toyawa a Malbaza a yi siminti. Yaron ya cika aljihu. Kakar ta ce mishi: "Mai gida, ka ƙara ma kanka kaya. In ka gaji ba ni goya ka."

Gaba da hwarar ƙasa sai jar tsakuwa. Nan ne wuya take. Tsakuwar ba ta kama ƙasa ba, tana gangarewa ƙarƙashin ƙahwa. Babu inuwa, sai geza da anza da ƙaya mai kama riga. Makiyayin shina gaba, shina buga sanda cikin duwatsu kahin ya taka, don kububuwa tana son irin wurin. Ya hana su miƙewa sak. Ya ce a bi a karkace, dama da hagu, yadda akuya take yi. Igiyar takalmin magidanci ta tsinke, ya ɗaure da tsumma. Tsohuwa tana hawa taki 20, ta tsaya, ta riƙe gwiwa. Wani wuri da hannu ta hau. Ɗanta ya ce: "Inna, mu koma." Ta ce da dutsi a ka ta hau wurin nan, da shi a baya, yau kuwa sanda kaɗai ke hannunta.

Kahin hantsi ya yi tsaka, rabin ruwan ya ƙare.

Tsakiyar gangaren sunka hwaɗa cikin itatuwa. Ɗakwara ce da bagaruwa, sun tsaya layi layi. Itacen daji ba ya tsayuwa haka. Tsohuwa ta zauna ƙarƙashin guda, ta share ƙasa da hannu, sai ga bakin rami. Ramun poroje ne. Kowane tsawonshi mita 3, zurhi da hwaɗi kamar santimita 60, a gicciye da gangare. A tsakiya ana barin ɗan tudu, nan ake dasa itacen don kada ruwa ya shaƙe shi. Yanzu ramun sun cike da ƙasa mai laushi, ciyawa busassa a kai. Wagga ƙasa duk da ta gangara kwari, da rijiyar wani ta ruhe.

Ta daɗe tana magana nan. Ta ce da diga da shebur sunka sari dutsin, hannu ya yi kanta, ya hwashe, ya sake yin kanta. Ta ce hatsi da man da ake ba su shi ya riƙe gidan har damana ta dawo. Ta ambaci matan da sunka yi layi guda da ita. Mahi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Ta nuna wata anza ta ce ma jikan, ƴaƴan wagga sunka ci kahin aikin ya zo, sai an jiƙa kwana da kwanaki ɗacin ya hita. Yaron bai taɓa jin labarin ba. Uban ma rabi ya sani.

Saura gaɓar ƙarshe. Baƙin dutsi ne mai tauri, a tsaye kamar bango, ya hi tsawon mutum. Makiyayin ya san wata tsaga. Shi ya hau ya miƙo sanda, magidanci ya tallabi uwar daga ƙasa. Rana tana tsaka sunka taka kan dutsin.

Sama hili ne, hwako, iyakar ganin ido. Iska tana bugu, mai zahi. In ka juya baya sai ka ga kwarin duka kamar tabarma. Ga koren garake, ga ƙorama hwara tana ratsa su, ga eriyar salula can wajen Tamaske. Magidanci ya nemi garkarshi ya gane ta. Daga nan ba ta hi tahin hannu ba.

Bisa hwakon akwai dogayen kunyoyi da anka yi da ƙasa anka lulluɓe da dutsi. Kakanni ma sun san dabarar jera dutsi a gona, ita ce gandari. Poroje ya ƙara mata girma ne da tarakta. Inda kunyar take lahiya, bayanta akwai ƙasa da ciyawa da ƴan itatuwa. Sunka bi ta wajen rabin awa, sai ta yanke. Duwatsun babu su. Ga sawun amalanke ya nuhi wata gangara ta bayan dutsi. Ga kututturan itace, saran gatari. Daga giɓin nan wata ƴar kwazazzaba ta soma, zurhinta bai kai gwiwa ba. Ita ce kan macijin.

Ƴan'uwa, mu yi lissahi. Ruwan da ake samu wajen Keita a shekara milimita 300 zuwa 400 ne, wata shekara ya hi, wata ya kasa. Ruwan dare guda na milimita 20, in ya sauka bisa hekta guda, lita 200,000 ke nan. Tano 1,000 mai lita 200. Jigawa tana shanye mahi yawanshi. Hwako kuwa ba ya sha sai kaɗan. Hekta nawa ne bisa dutsi? Ruwansu duk giɓi guda yake nema. Buhun ƙasa 30 a bakin garka ba za su tare shi ba.

Magidanci ya tsaya shiru kan sawun amalanken. Bara waccan ya gina sabon ɗaki. Duwatsun tushen ɗakin wurin samarin garin ya saya, amalanke 6, bai tambayi inda sunka ɗebo ba. Dutsin da anka riga anka tara shi ya hi sauƙin ɗiba. Ya hwaɗi haka da bakinshi, gaban uwarshi.

Makiyayin shi ma bai ɓoye nashi ba. Ya kai su gaba kaɗan, ya nuna wani giɓi. Nan shanu suke ƙetarewa sahe da marece, kohwato ya rushe kunyar. Ya ce nasu ne. Ya ce amma ranar da anka ja kunyoyin ba a bar ma bisa ƙohwa ba, saniya kuwa dole ta sha ruwa. Wagga magana tana da gaskiya, ko da ba ta maida dutsi wurinshi.

Sunka dama hura da sauran ruwan. Sunka yi taimama sunka yi azahar.

Sauka ta hi hawa wuya. Gwiwar tsohuwa ta kumbura, bido kuma wayam. Yaron ya zubar da duwatsun aljihunshi, ya bar biyu. Leɓunansu sun bushe, magana ta ƙare. Makiyayin ya ce ba su iya komawa ta inda sunka hito. Ya bi da su ta hanyar shanu, mai nisa amma marar tsayi, har rugarsu. Matarshi ta kawo ruwan salka da nono. Anka aza tsohuwa bisa jaki. Sai bayan isha'i sunka shiga gari, mutane har sun soma shirin hita da hitila. Kwana 2 tsohuwa ba ta taka ƙasa ba.

Ran Juma'a magidanci ya kai maganar wurin mai gari. Anka yi ta ja. Wasu sunka ce a jira poroje ya zo ya biya abinci. Poroje Keita kuwa ya daɗe da naɗe kayanshi. Samarin amalanke sunka ce in an hana su dutsi, a nuna musu abin da za su ci da rani. Su ma ba a ba su amsa mai ƙarhi ba. Abin da anka tsaida shi ne, a ɗebi dutsi a warwatse, kada a taɓa na kunya. A bar ma shanu ƙohwa guda, a shimhiɗa mata dutsi.

Anka kira gayya. Garin shina da magidanta sun hi 100, mutum 17 sunka hau, 9 mata ne. Makiyaya 3 sunka zo da jakuna 4 ɗauke da ruwa. Wuni biyu sunka toshe babban giɓin. Gabiyon ƙasa shina nan a yanke, don waya sai an sayo Tawa, kuɗin kuma ba su taru ba. Magidanci ya yashe rijiyarshi. Ya aika ma ƙannenshi cewa bana ba shi zuwa, sai ya ga abin da ruwan hwarko za ya yi.