Daga Ruwan Fari Zuwa Kwatar Nombakele

Duk wanda ya tashi a Kano ya san yadda ake jiran ruwan fari. Ƙasa ta bushe, zafi ya kai zafi, ido na sama. Ran da hadari ya zubo, ƙamshin ƙasa kaɗai ya isa mutum ya gode wa Allah. Muna makaranta aka koya mana Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali. Daga ita na fara gane cewa ruwa baƙo ne mai daraja, tarbarsa ake yi.

Sai fatauci ya kawo ni Nombakele, tsohuwar unguwa a tsakiyar Libreville. Nan ba a roƙon ruwa. Abin da yake sauka a shekara ya kai wajen ninki uku na Kano, sai daga Yuni zuwa Satumba sama ke ɗan hutawa. Kurmi ya rufe kusan kashi 88 cikin 100 na Gabon. A 2002 gwamnati ta keɓe gandayen daji 13, ciki har da Akanda da ke arewa da birnin, inda itatuwa ke tsaye da saiwoyinsu cikin ruwan gishiri. A 2010 kuma ta hana fitar da gungumen da ba a sarrafa ba.

To, mu fa? Bara, wani dare aka kwana ana tafka ruwa. Da asuba na tarar ya shiga shagona, buhunan shinkafa biyu sun jiƙe. Ina ta faɗa da ruwa, sai wani dattijo maƙwabcina ya ja ni bakin kwata. Leda da robar ruwa sun toshe ta taf, wasu ma irin waɗanda nake ƙulla wa masu saye ne.

Ya ce, "Ɗana, ruwa bai yi maka laifi ba. Hanyarsa kuka tare."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Kunya ta hana ni ƙarawa.

A gida muna yi wa damina waƙa saboda muna ƙishinta. A nan da ta wadata, sai muka raina ta. Abin da kwata ta kwasa kuwa teku yake nufa, inda masunta ke neman abincinsu.

Yanzu kowace Asabar ni da yarana muna yashe kwatar ƙofar shago kafin mu buɗe. 'Yan'uwa, ƙasar nan ta karɓe mu, muna cin arzikinta. Baƙon kirki ba ya zubar da shara a tsakar gidan mai masaukinsa.