Sarkin Baka da Kan Burtu

Sau da yawa in an yi zancen maharbi, mutanen birni su kan zaci gwani shi ne wanda ya ke hango nama daga nesa, ya saki kibiya ta same shi. Tsofaffin maharban kudancin ƙasar Katsina, daga Funtuwa zuwa Malumfashi, da wani mudu dabam su ke awo. In saurayi ya komo daga daji yana cika baki ya ka da gwanki, ba su tambayarsa tsawon ƙahon. Abin da za su fara tambaya shi ne, "Taku nawa ke tsakaninku sa'ad da ka saki?" In ya ce hamsin, sai su ce sa'a ya taka. In ya ce goma sha biyar, sai su matsa masa a kan buzu ya zauna.

Ya kamata a rarrabe harbi da farauta tun da wuri. Farauta ta taron jama'a ce. In an gama aikin kaka samari su kan fita da karnuka da sanduna, ana kiɗa ana kirari, a ta da zomo ko gada a bi da gudu. Harbi kuwa aikin mutum ɗaya ne, in ta yi yawa biyu. Ba kare, ba kiɗa, ba magana. Maharbi manyan namun daji ya ke nema, kuma jarinsa duka sanɗa ce.

Wanda ya bi hanyar mota yau daga Funtuwa ta Bakori zuwa Malumfashi, ba abin da zai gani dama da hagu sai gonakin masara da dawa da auduga da waken suya. A da ba haka ƙasar ta ke ba. Tsakanin gari da gari dawa ce mai duhu, ga marke, ga ƙirya, ga taura, ga gamba ta fi mutum tsawo, balle in aka nausa yamma wajen Faskari da Dajin Kogo, inda daji ya ke haɗewa da na Birnin Gwari da Kuyambana. A cikin irin wannan daji ne gwanki da kanki da mazo da gada da gadu su ke kiwo, ɓauna kuma tana bin fadamu.

A wani ƙauye na ƙasar Bakori an yi wani dattijo wanda ya riƙe sarautar maharba shekaru masu yawa, har sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba sai Sarkin Baka. Gajere ne, ba shi da yawan magana, gwiwoyinsa da gwiwar hannunsa duk kanta saboda rarrafe. Kayan aikinsa ba su da yawa: baka, da kwari cike da kibau na kyauro, da wuƙar yanka, da ɗan burgami na toka, da baƙin bargo, da kan burtu. A bakin ko wace kibiya akwai dafi, wanda a ke dafawa da 'ya'yan kwankwani. Dafin kwankwani zuciya ya ke kamawa, in ya shiga jini sosai ba ya ɗaukan lokaci. Yana da adaka kuma, watau bindigar da a ke ɗura wa albarushi ta baki, amma sai zai nemi ɓauna ya ke ɗaukanta.

Burtu wani babban tsuntsu ne baƙi, mai dogon baki da tozo a ka, wanda ya fi son tafiya a ƙasa bisa ga tashi. Yini ya ke yi yana takawa cikin daji yana tsintar fara da ƙadangaru, musamman inda wuta ta ci. Namun daji sun saba da shi, ba su gudunsa. Da maharba suka lura da haka, sai suka samo dabara. A kan ɗauki kan burtu na ainihi, ko a sassaƙa irinsa da itace, a yi masa dogon wuya a rufe da fata, wani lokaci a yi masa ado da idon zakara. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin bargo, ya durƙusa cikin ciyawa. Abin da dabba za ta hango kan tsuntsu ne kawai yana leƙowa, yana sunkuyawa kamar mai tsinta. Daga nan ne Hausawa suka sami cewa an yi wa mutum burtu, watau an ɓad da masa kama.

Amma ɗaura burtu ba ya mai da mutum maharbi. Sarkin Baka ya kan ce wa yaransa idon nama a ke ruɗi da burtu, hancinsa ba ya ruɗuwa. Saboda haka kafin ya ɗaga ƙafa sai ya ɗebi toka ya saki, ya ga inda iska ta kai ta. Da rani, lokacin hunturu, iska daga arewa maso gabas ta ke busowa, don haka sai ya yi doguwar kewaya ya ɓullo wa garke ta kudu maso yamma, iska na dukan fuskarsa. Ba ya miƙewa sak wajen dabba, domin burtun gaskiya ba ya yin haka. Ya yi nan, ya yi can, ya tsaya ya yi kamar yana caccakar ƙasa. In gwanki ya ɗaga kai, shi ma ya ci gaba da tsintarsa, sai ya mai da kai ga ciyawa sa'an nan ya ƙara taku biyu. Yana kuma sauraron tsuntsaye, gama carkin da ke bayan ɓauna in ya tashi da kuka, ko fakara ta fashe daga gindin kalgo, aikin safiya duka ya lalace. Filin da yaro zai ratsa da gudu kafin a ƙirga ɗari, shi sai ya yi tun daga fitowar rana har hantsi bai gama shi ba.

Me ya sa a ke shan wannan wahala? Dalili na fari, makamin ne ba ya kai wa nesa. Kibiyar kyauro ba ta da nauyi, in ta yi tafiya iska na karkatar da ita. Adaka kuwa sau ɗaya a ke bugawa, kafin a sake ɗuri nama ya yi nisa, ko kuwa ya iso kan mai ita. Ɓaunar da aka yi wa rauni ta kan shiga duhuwa ta laɓe, ta jira mai bin sawunta, abin da ya sa har yau a ke cewa kwanton ɓauna. Gwanki ma, wanda babbansa ya kan haura kilo 250, in ya ji ciwo ya kan juyo da ƙahonsa. Wanda ya matso kusa shi ke iya sa kibiya bayan allon kafaɗa, inda huhu da zuciya su ke.

Dalili na biyu na addini ne. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa in maharbi ya tarar da abin da ya harba da sauran rai, wajibi ne ya yanka. In kuwa aka rasa sanin ko kaifin kibiya ne ya kashe shi ko dafi, ko ya ɓace wa maharbi har ya kwana, to, ba a ci. Ashe mai harbi da dafi dole ya kasance kusa, ya cim ma nama da wuƙa tun bai cika ba. Littafin Risala, wanda almajirai su ke karantawa a zauruka, ya nuna kuma farauta don wasa kawai makaruhi ce.

Dalili na uku shi ne wanda Sarkin Baka ya fi riƙewa, bai kuwa cika faɗinsa da baki ba. Wata shekara, ba a daɗe da samun mulkin kai na 1960 ba, ɗan ƙanensa ya matsa masa sai ya tafi da shi daji. Suka yi kwana biyu suna tafiya yamma, har suka sami inda wuta ta ci, sabon toho ya fito. Da asuba suka hango gwanki guda yana kiwo shi kaɗai. Dattijo ya ajiye yaron a gindin wata kaɗanya, ya ɗaura burtu, ya shiga rarrafe. Yaro na kallo har rana ta yi zafi. Ya ga Baba ya kai inda ko da dutse ya yi jifa zai samu, ya ga ya ɗaga baka, ya ja tsarkiya. Can sai ya ga ya sassauta, ya sauke, ya juya yana tsinta kamar yadda ya je, har ya komo gindin kaɗanya.

Yaro ya ce, "Haba Baba! Mun yi kwana biyu a hanya, ga nama a hannu, ka bar shi?"

Dattijo ya kwance burtu, ya share gumi, ya ce, "Kai daga nan me ka gani?"

Ya ce, "Gwanki na gani."

Ya ce, "Ni kuwa uwa na gani. Hantsarta cike ta ke da nono, tana yi tana waiwayen wata duhuwar gamba. Ɗanta na kwance a ciki. In na saki kibiya ɗaya, rai biyu na ɗauka, na ci ɗaya, na bar wa kura ɗaya."

Ga gwanki, mace da namiji duka suna da ƙaho, daga nesa ba kowa ke rarrabe su ba. Macen kuwa wata tara ta ke ɗauke da ciki, ta haifi ɗa guda, ta ɓoye shi cikin ciyawa kwanaki kafin ya iya bin garke. Suka komo gida da gada ɗaya tak, yaro yana fushi.

Bayan 'yan makonni yaron ya ari bindiga mai baki biyu wurin wani abokinsa, ya koma dajin ba da sanin kowa ba. Ya hango kanki uku, ya ga rarrafe ɓata lokaci ne, ya tsaya daga nesa ya buga. Ɗaya ta yi tsalle, duka suka ɓace. Ya bi jini har magariba bai same ta ba, ya komo ya faɗa wa Baba. Dattijo bai yi masa faɗa ba, sai ya ce, "Wanda ya zub da jini shi ke bin sa. Ɗauki gora, mu tafi." A rana ta uku ungulaye suka nuna musu wurin. Harsashi a ciki ya same ta, ta yi ta jan jiki har bakin wani rafi ta mutu, ta kumbura. Suka tsaya a kanta, dattijo ya ce, "Ɗana, ga abin da nesa ta ke haifarwa. Ba ka ci ba, iyalinka ba su ci ba, ita kuma ta kwana biyu tana shan azaba." Tun daga ran nan yaron ya roƙi a koya masa burtu, shi ne kuwa ya gaji kwarin dattijon.

Wannan hikima ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Mutanen asali na Amurka ta Arewa sun kasance suna yafa fatar kyarkeci su rarrafa cikin garken ɓaunar ƙasarsu. Maharban hamadar Kalahari, can kudancin Afirka, da ƙaramin baka da kibiya mai dafi su ke sanɗar manyan namu. A Amurka da Turai akwai wata dabba mai kama da barewa, wadda ƙahon namijinta ya ke da rassa kamar itace, ya kan zube ko wace shekara wani ya fito. Babu irinta a dajinmu. Har yau a Amurka akwai masu harbinta da baka, a lokacin da hukuma ta keɓe, da lasin, su ma kuwa sai sun bari ta matso kamar taku ashirin ko talatin.

Abin da ya kawar da namun dajin Funtuwa da Malumfashi ba abu ɗaya ba ne. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, auduga ta yi kuɗi, mutane suka yi ta zuwa suna saran daji. A 1975 aka buɗe babban shirin aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, aka kawo takin zamani da hanyoyi, masara ta cika ƙasa. Wannan arziki ne, ba mai ƙinsa. Amma tare da shi bindigogin zamani suka yawaita, aka kuma shiga harbin dare da fitila a goshi. Fitila ba ta nuna komai sai ƙwayar ido biyu suna ƙyalli. Mai ita bai san ko uwa ce ko ɗa ba, sai ya buga.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. An keɓe Yankari a ƙasar Bauci a 1956. A 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji, wadda ta hana kashe waɗansu sam, waɗansu kuma sai da lasin. A 1999 Dajin Kamuku na Birnin Gwari ya zama gandun daji na ƙasa, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaga Dajin Kogo zuwa wannan matsayi. Sai dai a shekarun nan ɓarayin daji masu satar shanu da mutane sun sami mafaka a dazuzzukan yamma, har shiga ta yi wuya ga maharbi da ma'aikacin gandu baki ɗaya.

To, jama'a, abin da ya rage a hannunmu kaɗan ne: gada a bakin rafi, zomo, zabon daji, fakara, da ɗan abin da ya tsira a gandu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa dokar daji. A bar cinna wa dawa wuta don ɓera ɗaya. A bar harbi da fitila, a ƙyale mai ciki da mai shayarwa. Inda kuma wani tsohon maharbi ya saura a gari, kada a bari ya tafi da saninsa. A zauna da shi, a rubuta sunayen namun da ya sani, da kamannin sawunsu, da wuraren da ya gan su, domin yaran da za su tsare gandun Kogo gobe irin wannan sani za su bukata. Allah ya ba mu zaman lafiya a gida da daji, amin.