Dutsen da Zai Iya da Kaskon Umma

Duk wanda yake sashen Fasahar Gine-gine a makarantar nan ya san wannan kaya: tun kana ajin farko 'yan uwa sun riga sun naɗa maka rawanin "Injiniya". Bango ya tsage, a kira ka. Rufi na yoyo, a kira ka. Ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai ka ji an ce a bari Injiniya ya dawo. Yawanci dariya nake yi in wuce. Amma a hutun da ya gabata an kawo mini tambayar da ba ta dariya ba ce, domin kuɗin adashen Umma na shekara guda cur ne a kanta.

Umma abincin sayarwa take yi a gida, ƙosai da kunu da safe, waina ranar Juma'a, sai kuma aikin biki idan ya samu. Kantar kicin ɗinta siminti ce da aka liƙa wa tayil tun ina firamare. Tayil ɗin sun fara ɓallewa, tsakaninsu kuma ya yi baƙi ƙirin, duk gugar da za a yi ba ya fita. Da ta ɗauki adashe sai ta ce kicin za ta gyara. Kafinta ya haɗa kabad, saura dutsen da za a shimfiɗa a sama. A nan aka rabu. Anti, ƙanwar Umma da ke aure a Abuja, ta dinga turo hotuna ta WhatsApp: kanta fara sol, da ɗan zane ruwan toka, ta ce sunansa kwaz, shi ake yayi yanzu. Baba kuwa ya ce shi dai mabul ya sani. Ka san a wurin mutanenmu duk dutsen da yake sheƙi mabul ne.

Da yake na yi SIWES ɗina na wata huɗu a wani wurin yanka irin waɗannan duwatsu a Kano, wannan karon dai rawanin ya zauna daidai.

Abu na farko da na fahimtar da su shi ne abubuwa uku ake magana a kai, ba biyu ba. Giranit da mabul duwatsu ne na Allah da Annabi, fasa su ake yi daga dutse a yanka falle-falle a goge. Giranit ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu: irinsa ne ake fasawa a Mpape kusa da Abuja a yi tsakuwar gini, kuma da dutse irinsa kakanninmu suke yin dutsen niƙa. Mabul ma muna da shi a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo, duk da cewa da yawa daga gogaggun fallayen da ke kasuwa daga waje suke zuwa, irin su Indiya da Sin. Shi kuwa abin da 'yan kasuwa ke kira kwaz, a masana'anta ake haɗa shi. Ana niƙa ma'adinin kwaz ya zama gari da tsakuwa, kimanin kashi 90 cikin 100 ko sama da haka, a kwaɓa da wani danƙo dangin roba da launi, a danne da inji, a gasa. Wani kamfanin Italiya mai suna Breton ne ya fito da hanyar yin sa. Wato rabinsa halitta, rabinsa dabara, kuma duk kyansa da duk aibinsa daga danƙon nan suke.

Baba ya ce to wanne ya fi ƙarfi. Akwai ma'aunin tauri na Mohs mai hawa 10 da aka koya mana: ma'adinin kwaz yana hawa na 7, giranit tsakanin 6 da 7, mabul kuwa wajen 3 kawai. Wuƙar kicin ta fi mabul tauri, ke nan za ta iya karce shi. Amma na lura lissafin nan bai shiga kan Umma ba, kuma da gaskiyarta. Sai na ce gani ya kori ji.

Na koma wurin tsohon ogana na roƙi guntaye huɗu daga tarin da ake zubarwa: farin mabul, giranit mai ruwan toka, baƙin giranit, da farin kwaz irin na hoton Anti. Na jera su a tsakar gida. Kowanne na ɗiga masa manja, da zoɓo, da ruwan tsamiyar da Umma ke kunu da shi, na bar su suka kwana. Ƙannena suna ta tsiya wai Yaya ya fara tsubbu.

Da safe muka goge. Mabul ya sha kashi. Inda tsamiya ta kwana sheƙin ya mutu, wurin ya yi dishi-dishi, kuma ba datti ba ne balle a wanke, fuskar dutsen ce tsami ya ci. Mabul dangin farar ƙasa ne, duk abu mai tsami yana cin sa, ko lemon tsami ne ko tumatir. Manja ma ya bar masa tambari. Nan take Baba ya janye takararsa, ya ce ashe na masallaci da falo ne. Giranit mai ruwan toka ya ɗan sha man, wurin ya yi duhu, domin yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, shi ya sa ake shafa masa maganin toshe su lokaci-lokaci. Baƙin giranit ko a jikinsa. Kwaz kuwa, gaskiya ɗaya ce, tsumma ɗaya aka sa ya koma fes kamar ba a taɓa shi ba. Danƙon ya toshe ko'ina, ba ya shan komai. Umma ta kalle ni ta ce, "To ka gani, ashe Antinka ta fi ka gaskiya."

Na ce, "Umma, saura ɗaya. Idan kin gama suya, ki sauke kaskon a kansu."

Man suyar ƙosai yana kai zafin digiri 170 zuwa 190, gindin kaskon da ke kan wuta kuma ya wuce haka. Danƙon da ke cikin kwaz kuwa tun daga wajen digiri 150 yake fara canja launi, shi ya sa masu yin sa da kansu suke gargaɗin kada a ɗora tukunya mai zafi kai tsaye. Ta sauke kaskon a kan baƙin giranit, aka ɗaga, babu komai. Ta mai da shi wuta ya sake ɗaukar zafi, ta sauke a kan kwaz. Da aka ɗaga sai ga zobe ruwan ɗorawa, ba mai yawa ba, amma a kan farin nan kamar an zana da biro. Muka sa omo, muka sa soso, yana nan daram. Wannan ƙuna ce, ba ta wankuwa.

Wani zai ce ai sai a riƙa sa katako a ƙasan tukunya. Haka ne, a kicin ɗin da ake dafa indomi da ruwan shayi. Amma wanda ya taɓa ganin Umma da ƙarfe shida na safe, yara takwas a ƙofa kowa da kwanonsa, mai na tafasa, ƙullu na jira, ya san ba ta da hannu na uku da za ta nemo katako. Ga shi tagar kicin ɗinmu gabas take kallo, rana na dukan kantar har hantsi, danƙon nan kuma ba ya shiri da rana, a hankali fari yake komawa ruwan ƙwai. Masu kwaz sun yi shi ne da wani irin kicin a ransu. Namu daban ne.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauki biro na rubuto wa mujallar nan ba. Akwai abin da ban iya nuna wa Umma a tsakar gida ba, wanda na gani a wata huɗun can.

Dutse ba ya zuwa daidai da kicin ɗinka. Sai an yanka, an huda gurbin wurin wanke-wanke, an goge baki. Yawancin wannan aiki da injin hannu ake yi, a bushe, ƙura na tashi fari fat. Akwai wani yaro sa'ana a wurin, gwani ne na gaske, idan ya goge bakin dutse sai ka rantse inji ne ya fitar da shi daga kamfani. Kafin azahar girarsa da gashin kansa sun yi fari kamar tsoho. Abin da yake rufe hanci da shi tsohon takunkumin korona ne, wani lokaci ma hankici. Yana yawan tari, idan ka yi magana ya ce sanyi ne.

Ƙurar nan silika ce. Ƙananan ƙwayoyinta suna wucewa can cikin huhu su zauna, huhun ya yi ta yin tabo har numfashi ya gagara. Sunan cutar silikosis, ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Takunkumin yadi ba ya tare irin wannan ƙura. Giranit ma yana da silika, kada wani ya ce na wanke shi, masu fasa dutse sun daɗe suna fama da cutar. Sai dai abin da ke cikinsa bai kai na kwaz ba ko kusa, tunda shi kwaz kusan gaba ɗayansa silika ne. A Isra'ila da Sifen da Ostareliya da Amurka likitoci sun ga matasa masu yankan kwaz suna kamuwa cikin 'yan shekaru, ba sai sun tsufa a kan aikin ba. Abin ya kai Ostareliya ta haramta shi daga ranar 1 ga Yulin 2024, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka. Ita mai girki babu abin da zai same ta, dutsen da aka riga aka girka ba ya ƙura. Mai yankan ne yake biya, kuma kuɗin huhunsa ba ya cikin rasit.

Mu ne fa gobe za mu riƙa rubuta wa masu gida jerin kayan aiki, mu da 'yan sashen zanen gini da masu ƙiyasin kuɗi. A aji an koya mana mu tambayi kauri, santimita 2 ne ko 3, da farashin murabba'in mita. Ban taɓa jin an ce mu tambayi yadda za a yanka ba. Alhali maganin ba wani abu ne mai tsada ba: yanka da ruwa yana kwantar da mafi yawan ƙurar, sai takunkumi na ainihi mai matata, sai a daina share wurin da tsintsiya a bushe.

Baƙin giranit muka saya, ya kuma fi kwaz ɗin da aka nuna mana sauƙin kuɗi, har aka samu canjin da aka sa wa Umma famfo a kicin. Yana da nasa hali: ko garin tuwo ya zuba sai ya nuna, kuma inda aka haɗa falle biyu ana ganin layin. Anti da ta zo ta ce ya yi duhu, kamar allon makaranta. Umma ta ce ai ba hoto za ta ɗauka a kai ba.

Sharaɗi ɗaya na kafa wa ogan: duk yankan a yi shi da ruwa. Ya ce zai ɓata lokaci, kuma wurin zai yi caɓi. Na ce na ji, ni zan kawo ruwan. Ranar da aka yi aikin jarka uku na saya a wurin mai garuwa, na tsaya da gorar roba da na huda wa murfi ina tsiyayawa a bakin injin, a hankali don kada ya taɓa wajen wuta, yaron nan yana yanka. Da muka gama ya shafa girarsa, ya duba hannunsa, ya ce, "Injiniya, yau ko wanka ba sai na yi ba."