"Ina so" guda ɗaya tamu, Jamusawa sun raba ta gida-gida

Jama'a, bari in ba ku labarin kunyar da na sha kwanan baya.

Wata bakwai ke nan ina koyon Jamusanci. Kowace Asabar nakan bar Gwagwalada da sassafe in shiga cikin gari, mu yi darasin awa uku, in dawo in ci gaba da fama da babi na uku na aikin masta ɗina. Abin da nake hange shi ne tallafin karatu na DAAD don digiri na uku, kuma kafin ka nema sai ka samu farfesan da ya yarda zai duba aikinka.

To na samu wani farfesa a Jamus da bincikensa ya yi daidai da nawa. Maimakon in rubuta masa da Turancin da na iya, sai rawar kai ta ɗebe ni, na ce bari in burge shi. Na buɗe wasiƙar da "Ich will mit Ihnen arbeiten", a nufina ina son yin aiki tare da shi. Na tura. Mako uku shiru.

Da na nuna wa malamarmu sai ta dafe kai. Ta ce, "Kai kuwa wa ya aike ka?"

Ashe wollen so ne mai ƙarfi, irin na wanda ya riga ya yanke hukunci. Idan yaro ya tsaya a shago yana buga ƙafa yana cewa a saya masa alawa, ich will yake faɗi. Mai ladabi ich möchte yake cewa, ko ich würde gern, idan kuma abu zai saya ya ce ich hätte gern. Kusan kamar yadda muke cewa "da za a taimaka min da kaza". Mu a Hausa "ina so" ɗin nan da ita kake neman shayi, da ita kake neman aure, ladabin yana cikin gaisuwa da "don Allah" da sassauta murya. Su kuwa a cikin aikatau ɗin suka cusa shi. Wani tarkon kuma, will ɗin nasu ba na Turanci ba ne, ba ya nufin "zan yi".

Sai brauchen, wato buƙata, da müssen, wato dole. Nan ma akwai rami: du musst nicht ba hani ba ne, "ba lallai ba ne" yake nufi. In hani ne sai a ce du darfst nicht. Wanda na fi ƙauna shi ne ich wünschte, daidai yake da "da ma a ce" tamu, fatan abin da ba ya hannunka.

Ban ce kalmar ce ta hana shi amsawa ba, wataƙila aiki ne ya yi masa yawa. Na dai sake rubutawa da Turanci, na saka möchte a layi ɗaya kacal. Bayan kwana huɗu ya ce in turo tsarin bincikena.

Da na je gida hutu nake ba Baba labarin, ina ta dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "To kai wanne ne naka a ciki? So kake ka tafi, ko dole ce?" Ya san in ba a samu tallafin ba, sai an nuna yuro 11,904 a asusu na shekara guda kafin a ba da biza, ya kuma san babu su. Ga Umma tana ta maganar aure tun bara.

Na ce, "Baba, so nake."

Ya ce, "To ka gama masta ɗin tukuna."

Wata mai zuwa zan tafi Legas rubuta jarrabawar A2 a cibiyar Goethe. Wanda ya taɓa rubutawa don Allah ya faɗa min yadda ɓangaren magana yake, shi ne ke hana ni barci.