Kama da Wane Ba Ta Wane

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a ta ɗaukar fatar naman daji a jeme ta, a ɗora ta bisa siffar da aka ƙera, har dabbar ta tsaya kamar tana da rai. Cikin dabbobin da aka fi yi wa haka akwai barewarsu mai farin wutsiya, da wata babbar 'yar'uwarta da suke kira elk, wadda ta kai gwanki girma. Sun bambanta da barewar Sahel ta wajen ƙaho. Nasu yana da rassa kamar itace, namiji ne ke da shi, kuma kowace shekara yakan faɗi, wani sabo ya tsiro.

A da, aikin ba shi da kyan gani. Sai a cusa ciyawa cikin fata, a sa ƙarfe a ƙafafu, a ɗinke kamar matashin kai. Wani yaro ɗan manomi mai suna Carl Akeley, wanda aka haifa a jihar Niyok a 1864, ya shiga koyon sana'ar a 1883. Abin da ya gani bai gamshe shi ba, gama ya san barewa a daji, ya kuwa san ba haka take ba.

Sai ya sake hanya. Yakan fara da awon dabbar gaɓa gaɓa. Ya tsai da ƙasusuwanta yadda take tsayawa. Ya ɗauki yumɓu ya gina tsoka da jijiya bisa ƙashi, kowace a wurinta. Daga wannan siffa ya yi zubi, ya fitar da gangar jiki marar nauyi mai rami a ciki. Sa'an nan ne ya shimfiɗa fata, ya manne ta, tana bin kowane tudu da kwari na jiki. A 1902 ya gama aikin da ya ci masa kusan shekara huɗu a gidan ajiyar halittu na Field, a birnin Shikago: garken barewa cikin lokatai huɗu na shekara. Da zafi gashinsu ja ne, ƙahon namiji yana lulluɓe da fata mai laushi, ɗan ƙarami yana da ɗigo-ɗigo fari. Da hunturu gashin ya yi kauri ya koma toka-toka. Matarsa Delia ta taimaka wajen yin dubban ganyaye na kaki domin itatuwan da ke kewaye da su. Har yau mutane suna zuwa kallo.

Masu sana'ar na yanzu suna sayen gangar jiki ta kumfar roba mai tauri, sun huta da ginin yumɓu. Amma gaskiyar aikin tana nan a ƙananan abubuwa. Mai karatu ya duba idon akuya: baƙin tsakiyarsa a kwance yake, ba zagaye ba. Haka na barewa. In aka sa idon gilashi a karkace, dabbar za ta yi kama da mai maye. A gaban kowane ido akwai ɗan rami inda wani mai ke fita, wanda na elk yakan buɗe sosai sa'ad da yake kuka. Kunne kuwa sai an cire gurunguntsinsa an sa madadi siriri, in ba haka ba zai nannaɗe kamar busasshen ganye. Hanci yakan bushe ya dushe, sai an mayar masa da launi da ɗan sheƙi, gama hancin mai rai da danshi yake.

A wuya ne jaraba take. Da kaka, lokacin barbara, wuyan namiji yakan kumbura ƙwarai. Maharbi yakan kawo fatar dabbar da ya kashe kafin lokacin, ya ce a yi mata babban wuya domin baƙi su yi mamaki. In mai sana'a ya yarda, ya ja fata fiye da iyakarta, gashi ya mimmiƙe, ɗinki ya bayyana, kuma ya haɗa jikin wani wata da gashin wani wata. Zai karɓi kuɗinsa, amma ya yi shaidar zur a kan halittar Allah. Yaron birni da bai taɓa shiga daji ba zai tsaya gaban wannan siffa ya gaskata abin da ya gani. Shi ya sa gwanaye suke ajiye hotunan dabbobi masu rai kusa da su. Ba su dogara ga tunaninsu. Wanda yake so aikinsa ya yi kyau sai ya ƙasƙantar da kansa, ya bi yadda Mahalicci ya tsara, kada ya ƙara nasa.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da wahayin annabi Ezekiyel a sura 37. A kwarin nan ƙasusuwa suka haɗu, jijiyoyi da nama suka hau, fata ta rufe su. Kusan wannan ne jerin da Akeley ya bi. Amma a wahayin, bayan an gama dukan wannan, gawawwaki ne kwance, sai da numfashi ya zo daga wurin Allah suka miƙe. Nan ne iyakar hannun ɗan adam. Akeley ya rasu a 1926 a duwatsun Kwango, inda ya roƙa aka keɓe daji domin kare manyan birai masu rai, gama ya gane siffa ba ta maye gurbin dabba.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Mai sana'a ya yi aikinsa da gaskiya har ƙarshen iyawarsa, mai kallo kuma ya yaba masa. Amma wanda ya ga kyan barewar da ke bayan gilashi, ya kamata ya ji nauyin kiyaye wadda take numfashi a daji.