Mai Gyaran Da Ya Bi Sawun Ruwa

A cikin kayan zamani da ake ɗorawa bisa rufin gidaje, da wuya a sami wanda ya kai na'urar ɗumama ruwa da zafin rana sauƙin sha'ani. Ba ta da inji, ba ta shan mai, galibinta ko wayar lantarki ba ta buƙata. Tun shekarar 1891 wani Ba'amurke mai suna Clarence Kemp ya fara sayar da irinta a birnin Baltimore, a nan gida kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta daɗe tana ƙera ta. Duk da haka, ran da ta daina ba da ruwan zafi, sai ka ji masu ita sun yanke hukunci cewa ta mutu, alhali kuwa ba wanda ya hau tsani ya duba ta.

Haka aka yi a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke bayan garin Jos. Mai karatu ya san ƙasar nan tudu ce mai tsawon kimanin mita 1,200, inda sanyin asuba a watan Janairu kan sauka ƙasa da digiri 15. Mai jego da jaririnta ba su jiran rana ta take. Da ruwa ya koma fitowa da sanyi, sai ungozoma ta koma hura itace tun kafin kiran assalatu, kwamitin asibitin kuma ya soma shawarar sayen sabuwa da kuɗin da aka tanada domin magani.

Wani dattijo mai gyaran famfo ne ya roƙi a ba shi yini guda. Bai fara da sifana ba, da tambaya ya fara.

"Hajiya, a hankali zafin ya riƙa raguwa, ko kuwa farat ɗaya ya ɗauke?"

"Wallahi Malam, farat ɗaya. Tun makon da kafinta ya canza kwanon rufi."

Wannan amsa ta rage masa rabin aiki. Ƙurar hunturu da ke kwanciya bisa gilashi, da farin datti mai kama da alli da ruwan burtsatse kan bari a cikin bututu, duk a hankali suke cin zafin ruwa, wata da watanni. Abin da ya auku dare ɗaya kuwa, da hannun mutum a ciki.

Ga yadda na'urar take. Akwai baƙin faranti a ƙarƙashin gilashi, da ƙananan bututun jan ƙarfe manne da shi, sa'an nan tanki a bisansa. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka yakan hau da kansa zuwa tanki, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Ƙarfin da ke tura ruwan nan ɗan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa dole tanki ya kasance sama da faranti, bututun hawa kuma ya yi ta hawa ba tare da ya sunkuya ko sau ɗaya ba.

Dattijo ya jira har wajen sha ɗaya na safe, ya hau, ya riƙa bin bututu da bayan hannunsa, kamar mai bin sawun ɓarawo. Bakin faranti na sama ba ya taɓuwa don zafi, watau rana ta yi nata aikin. Ya bi bututun hawa, zafi, zafi, har ya iso wani wuri da bututun ya yi doro, inda kafinta ya ɗaga shi ya ɗora bisa katako domin ya sami wurin buga ƙusa. Daga bayan doron sai sanyi. Iska ce ta taru a ƙololuwar doron ta tare hanya, ruwan kuwa ba shi da ƙarfin ture ta. Abin da ya kusa cin kuɗin maganin asibiti, iskar da ba ta cika kofin shayi ba ce.

Bai taɓa kome ba sai da la'asar sakaliya, bayan ya lulluɓe gilashin da buhu faranti ya huce. Wannan ba ragwanci ba ne. Farantin da ruwa ba ya gudana a cikinsa yakan zarce zafin tafasa, wanda ya kwance shi da tsakar rana tururi ne zai tarbi fuskarsa. Masu irin ta dogayen kwalabe, wadda ake kawowa daga ƙasar Sin, su ne ya fi kamata su kiyaye, domin in aka zuba ruwan sanyi cikin kwalbar da ta sha rana babu ruwa, tana iya fashewa nan take. Ita wannan tana faɗin ciwonta da kanta: gindinta mai ƙyallin azurfa yakan koma fari fat in iska ta shige ta, sai dai a canza ta.

Ya zare katakon, ya miƙar da bututu, ya sassauta mahaɗin sama har iska ta gama huci ruwa ya biyo baya. Da yake ya riga ya hau, ya leƙa ɗan bututun numfashi da ke kan tanki, ya iske zanzaro ya toshe shi da laka, ya sa waya ya fitar. Audugar da ke naɗe da bututu ta sha ruwan damina ta ruɓe, ya sake ta, domin jiƙaƙƙen rufi ba ya riƙe zafi cikin dare. Dattin cikin bututu bai yi kauri ba tukuna, ya ce a bari sai bazara a wanke da ruwan tsami.

Kashegari da azahar ruwa ya fito da zafin da sai an sirka. Ya gargaɗi ungozoma da ta riƙa gwadawa da gwiwar hannu kafin a sa jariri, ya kuma nuna wa maigadi yadda zai share gilashin da jiƙaƙƙen tsumma kowace Juma'a da sassafe, kafin rana ta gasa shi.