Taurarina sun fito kamar shinkafa

Jama'a, dare uku ina kwana a fili a nan Nsukka, ina neman hoton Kaza Mai 'Ya'ya saboda aikin kammala digirina. Duk hoton da na bari ya kai daƙiƙa 120, sai taurarin su fito dogaye kamar shinkafa. Na zargi kyamara, na canza wayoyi, na sake girka PHD2. Wallahi har gabana ya fara faɗuwa, don madubin hangen taurarin na aro ne, in ya lalace ba ni da abin biya.

Ashe saiti ne. Dole gindin na'urar ya fuskanci tauraron arewa daidai, shi kuwa a nan kusan digiri 7 kacal ya ɗago (a Kano 12 ne), bishiyoyi da hazo sun rufe shi. Ni da kamfas ɗin waya na yi kirdado. Wani ɗan ajinmu ya ce in ƙyale shi, in sa ido kan tauraro ɗaya, in ga inda yake zamewa, in dinga murɗa sukurori har ya tsaya.

Ƙarfe biyu taurari suka fito ɗigo-ɗigo. Hoto shida kawai na samu, raɓa ta lulluɓe gilashin. 'Yan uwa mata, wa za ta ara mini na'urar busar da gashi gobe?